Katantanwa a gaba 9: rijiyar da aka gina cikin tsohon teku a Damargu

Wani ɗalibina na ajin ƙarshe ne ya kawo maganar. Ya dawo daga ƙauyensu ranar Litinin da wani abu ƙunshe a tsumma, ya jira sai da aji ya watse, sannan ya dire mini shi a kan tebur. Dutse ne mai nauyi, ya kai dunƙulen hannu biyu, kalar toka da ɗan ɗorawa-ɗorawa, a nannaɗe kamar ƙahon rago.

"Mushe, daga rijiyar da ake gina mana aka fiddo shi, a gaba 9. Mutane sun ce ruwa ya kusa, tunda ga katantanwa. Baba ya ce in tambaye ka ko haka ne."

Ina koyar da kimiyyar rai da ƙasa a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, a nan Damagaram, inda ake kiran malami Mushe, kuma duk shekarun da na yi ina darasin burbushin halittu, da hoton littafi nake yi. Garinmu ba shi da abin nunawa. Manyan duwatsun unguwar Birni da yara ke hawa da yamma giranit ne, narkakken dutse da ya huce a can cikin ƙasa, kuma abin da ya fito daga wuta ba ya riƙe ƙashi ko ɓawo. Shi ne ma ya sa ruwa ya zame wa Damagaram ciwon kai tun kaka da kakanni, don giranit ba ya ajiye ruwa sai a tsagoginsa, har sai da aka koma jawo shi daga Gogo da Machaya a kudu, daga baya kuma daga Arunguza a arewa. To yau ga abin da nake zanawa a allo ya zo da ƙafarsa har teburina. Na juya shi, na ga layukan nan masu lanƙwasa kamar ɗinkin ƙwarya, na san amonit ne, burbushin wata tsohuwar halittar teku. Na ce wa yaron ya gaya wa babansa ina zuwa da hutun ƙarshen Maris, kada su ƙara sayen siminti kafin nan.

Sunan ƙauyen zan bar shi a cikina, don maganar ta taɓa kuɗin jama'a kuma har yanzu akwai masu jin zafinta.

Yadda aka kai gaba 9

Ƙauyen na cikin Damargu, ƙasar Tanut. Daga Damagaram hanyar Agadas ake bi, a wuce matatar man SORAZ, a wuce Bakin Birji da Sabon Kafi. Tanut ɗin kanta kusan kilomita 150 ce. Daga nan sai a sauka daga kwalta a hau babur. Gidajen ba su kai ɗari ba, suna zaune a kan wani shimfiɗaɗɗen tudu. Da damina tafki ke riƙe su. In ya ƙafe, sai amalanken jaki da jarkoki zuwa rijiyar wani gari da ke kwari, a fita da asuba a dawo da azahar.

Samarin garin da ke ci-rani a Aljeriya da Libiya da Kano ne suka haɗa kuɗi, aka kafa kwamiti, aka ɗauko wani dattijo maginin rijiya da yaransa uku. Ya zaga, ya duba itatuwa, ya zaɓi gindin wata tsohuwar aduwa. Aka yi jinga da gaba: kowace gaba da kuɗinta, siminti da ƙarfe na kwamiti.

Wannan jingar ta yi mini rana ba tare da kowa ya nufa ba. Saboda da gaba ake biyansa, dattijon bai yarda a haɗa ƙasar da ake fiddowa wuri ɗaya ba. Kowace gaba da tulinta, a jere, sun zagaye bakin rijiyar kamar tallar hatsi a kasuwa. Da na iso, sai kawai na bi su ɗaya bayan ɗaya shi kuma yana faɗa mini da ka. Tulin farko rairayi. Na biyu marmara, jar nan mai ƙarfe da ke cin bakin diga. Daga na uku sai laka mai kalar ɗorawa da kore-kore, wadda in ta bushe take tashi falle-falle. A na biyar wani siririn farin dutse cike da ɓawo irin na makankari. Sai laka kuma, wannan karon ta fi duhu. A na tara dutse mai tauri, wanda yaran suka kwana biyu suna sara da dagi ba su huda shi ba, kuma a cikinsa ne ƙahonin ragon suke. Na ƙirga goma sha ɗaya a tulin, ban da waɗanda yara suka kwashe suna gare-gare da su.

Hujjar mutanen gari ba ta wauta ba ce. A tafkinsu suna ganin katantanwa, inda babu ruwa kuwa ba sa ganinta. In ga ta a ƙarƙashin ƙasa, ai ruwa na kusa ke nan. Kuɗin da ya rage zai kai su gaba 6 ko 7 nan gaba, kuma kwamiti na shirin aika wa samari a ƙaro.

Gangaren

Na tambayi ɗalibin nawa ko akwai inda tudun ya yanke, inda ruwa ya zaizaye shi har ana ganin cikinsa. Ya ce akwai, wajen da suke kiwo, tafiyar kamar awa ɗaya. Washegari da sanyin safiya muka tafi, ni da shi da dattijon, wanda ya ce shi ma sai ya ga abin da ɗan boko zai gani a dutse wanda shi bai gani ba.

Dalilin zuwan mai sauƙi ne. A Damargu shimfiɗun ƙasa kusan a kwance suke, kamar tabarmi da aka jera ɗaya kan ɗaya. Abin da rijiya za ta ratsa daga sama zuwa ƙasa a cikin duhu, gangare ya riga ya buɗe shi a fili, kyauta. Sai dai a fara daga gindi a hau, don ta ƙasa ita ta riga kwanciya, ta sama ita ce ƙarama.

Ba ni da na'urar awo. Gorar ruwa na rage ta koma rabi, na kwantar da ita daidai idona, na bi saman ruwan da kallo har inda ya taɓa gangaren, yaron ya je ya ajiye dutse a wurin, na hau na tsaya a kan dutsen na sake. Kowane hawa tsayin idona ne daga ƙasa, wanda na riga na auna a gida. Dattijon ya kalle ni ya ce ko magina gini ma sun fi ni kayan aiki.

A gindin, cikin ƙoramar da ta bushe, laka ce mai ruwan toka mai duhu. Samanta ya yi ɓurɓushi yana rugurgujewa a ƙarƙashin takalmi kamar ƙanzo, amma in ka tona kamu guda sai ka same ta a daskare, tana rabuwa siriri-siriri kamar ganyen littafi. Na sa wani ɓalli a harshe, ya manne. Cikinta ko'ina wasu jijiyoyi ne masu ƙyalli kamar fasasshen gilashi, ƴan kiwo suna ce musu madubi. Na karce ɗaya da farce ya karcu. Jifsum ne, abin da ake yin filastar ɗorin karaya da shi. Na ajiye wannan a raina, don shi zai dawo a maganar ruwa.

Bayan kamar gaba 8 na wannan lakar sai ga dutse ya turo kai waje ya yi dakali, kaurinsa bai wuce kamu ɗaya ba. Duk gangaren haka yake, matakala-matakala: laka ta zaizaye ta shige ciki, dutse ya tsaya ya yi baranda. Na ɗiga masa ruwan asid ɗin da na ɗebo daga ɗakin gwaji, ya yi kumfa yana shuuu. Dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti. Dattijon ya ce sihirin kwalba ne. Na kankare garin dutsen da wuƙa a kan murfin gora, ya matsa lemun tsamin da ke aljihunsa da hannunsa, ya kai kunne. Ƙananan kumfa suka taso. Bai ce komai ba, ya dai sa wani ɓalli a aljihu.

Dakalin cike yake da rai. Ɓawon kawa, halittar ruwan nan mai murfi biyu irin makankari, mai kauri, bakinsa a murɗe gefe guda, irin wanda masana ke kira Exogyra, wasu a manne da juna ɗaya kan ɗaya, wasu da murfinsu biyu a rufe yadda suka mutu. A ƙarƙashin dakalin, inda laka ta zube ta bar shi a rataye, ramukan wasu halittu ne masu rassa kamar yatsu, laka ta cika su ta daskare. Yaron ya tsinci haƙorin kifi baƙi ƙirin, yana sheƙi kamar jiya aka cire shi. Da amonit, wasu a cike, mafi yawa gutsattsari.

Daga nan laka gaba 4, sai dakali na biyu. Sai laka mai haske gaba 4, sai wani siririn dakali na uku da ba komai cikinsa sai kawa. Sai laka ɗorawa, sai marmara ta rufe kai, sai rairayin da muka tako.

Inda na kauce

Da na zauna na buɗe littafina, sai na haɗa dutsen gaba 9 na rijiya da dakalin farko, na can ƙasa. Kalarsu ɗaya, kaurinsu ya yi kusa, dukansu da amonit. Har na faɗa wa dattijon cewa laka gaba 8 ke jiransa a ƙasa.

Yaron ne ya tsayar da ni. Ya jera abin da muka tsinto a kan zani, na kowane dakali daban, yadda na koya musu a aji kuma ni na manta ban yi ba. Ya ce, "Mushe, waɗannan ba irin na rijiya ba ne." Na duba. Amonit ɗin dakalin farko sun fi lafewa, kuma a ƙananan zagayensu akwai haƙarƙari da ƙuraje a jere. Na dakali na biyu kuwa kumburarru ne, sumul, bayansu a zagaye kamar tulu. Na rijiya kumburarru ne. Ga kuma siririn dutsen kawa na gaba 5 ya faɗa daidai kan dakali na uku, gaba 4 a sama, kamar yadda yake a rijiyar. Ashe rijiyar a dakali na biyu take. Abin da ke ƙasanta laka ce gaba 4, da dakalin farko, da wata lakar gaba 8, kuma nan ne iyakar abin da ido ya gani, ba iyakar lakar ba.

Kala da tauri suna yaudara, don teku na iya ajiye farin dutse iri ɗaya sau goma. Halittar da ke ciki ce ba ta maimaita kanta. Masu lafewar nan su ne ake kira Nigericeras, kumburarrun kuma Vascoceras, kuma a duwatsun Tanut haka masana suka same su, na farkon a ƙasa, na biyun a sama.

Da liman, bayan la'asar

Labari ya riga mu komawa gari. Bayan sallar la'asar liman ya sa aka kira ni, ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun yana juyawa.

"Mushe, ai wannan ba abin mamaki ba ne. Ragowar ruwan Ɗufana ne."

Na ce, "Allah gafarta Malam, abin da idona ya gani zan faɗa, hukunci naku ne. Kawar nan a manne take ɗaya kan ɗaya, uwa ta mutu ƴa ta girma a bayanta, jika a bayan ƴa. Aka binne su da laka, wasu suka sake zama a sama, har hawa uku. Ruwan da ya yi wannan ya zauna ne ya daɗe." Na kuma ba shi labarin Abu Raihan al-Biruni, wanda a wani littafinsa na shekarar 1025 ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a da wadda ta cike, kuma hujjarsa ita ce abin da ake fiddowa in ana gina rijiyoyi: ƙasa hawa-hawa, da tsakuwa, da ɓawon halittun ruwa. Liman ya yi murmushi, ya ce to ashe malamanmu sun riga Nasara leƙa rijiya. Ya riƙe dutsen bai mayar ba.

Tekun da ake magana ya shigo nan wajen shekara miliyan 94 da suka wuce, lokacin da ruwan tekunan duniya ya yi hawan da ba kasafai ya taɓa yin irinsa ba. Ya malalo daga arewa, daga tekun da masana ke kira Tetis, ya ratsa inda Sahara take yau, ya haɗu da wani reshe da ya hauro daga kudu ta kwarin Binuwai. Ba mai zurfi ba ne, kuma mai ɗumi ne. In koguna suka turo ɗanyar laka ko ruwan ya kwanta shiru, sai laka ta taru a ƙasa. In ruwan ya washe, sai kawa da sauran masu ɓawo su yi yawa, ɓawonsu ya zama farin dutse. Matakalar da muka hau tarihin wannan kai da kawowar ce. Duwatsun Birni kuwa sun girmi tekun da shekara fiye da miliyan 150.

Amonit ba katantanwa ba ne ma. Dangin oktofus ne, halittar tekun nan mai hannuwa takwas, yana zaune a bakin ɓawonsa, sauran ɓawon kuma ɗaki-ɗaki ne da iska a ciki, da ita yake daidaita nutsewa da tasowa. Layukan ɗinkin ƙwaryar nan su ne inda bangon kowane ɗaki ya haɗu da ɓawo. Ba ya zama a tafki ko kogi, sai ruwan gishiri.

Mu ne dai ba mu san darajar na Damargu ba. Tun 1909 wani Bafaranshe, René Chudeau, ya wallafa bayanin amonit ɗin Damargu, a 1943 kuma Daniel Schneegans ya raɗa wa wani jinsi suna Nigericeras daga abin da aka tsinta a nan, wato sunan ƙasarmu ne a jikinsa. Kumburarrun kuma ana fiddo ƴan'uwansu a mahaƙar simintin Ashaka ta jihar Gwambe a Najeriya, kuma irin wannan kamanni na daga abin da ya nuna cewa ruwan ya haɗe. Wanda ya je Malbaza neman su zai dawo hannu rabbana, ko da yake can ma farin dutsen teku ne: amonit sun ƙare daga duniya shekara miliyan 66 da suka wuce, dutsen Malbaza kuwa bayan nan ya kwanta, a wani shigowar teku na daban.

Abin da na gaya wa kwamiti

Da dare aka zauna a ƙofar mai gari. Na ce, "Ranka ya daɗe, katantanwar nan gaskiya ta faɗa, akwai ruwa a nan. Sai dai ya tafi tun kafin a yi mutum a bayan ƙasa, kuma lakar da ya bari ita ce ke tsakaninku da ruwan sha."

Na zana musu a ƙasa da tsinke. Laka tana shan ruwa amma ba ta bayarwa, don ƙofofinta sun yi ƙanƙanta; shi ya sa tafkinsu ke riƙe ruwa wata da watanni, gindinsa laka ne. Rijiya rairayi take so, ko dutsen rairayi, inda ruwa ke tafiya tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Irin wannan yana nan a Damargu, amma a ƙarƙashin duk lakar teku, da wata lakar ta tudu da ta riga ta. Rairayin tsofaffin koguna ne na rukunin da masana ke kira Tegama, wanda a can arewa, a Gadufawa ta jihar Agadas, ya fito fili har aka tono ƙasusuwan Ouranosaurus da na ƙaton kadan nan Sarcosuchus a cikinsa. Shi ya sa rijiyoyin Damargu suka yi suna wajen zurfi, foraj kuma, wato rijiyar burtsatse, a wurare da dama sai ya nutsa ɗaruruwan mita. Na tambaye su rijiyar da suke zuwa da amalanke gaba nawa ce. Suka ce ta haura 40. Na ce to ita a kwari take, ku a kan tudu.

Aka yi shiru. Wani daga cikin kwamiti, wanda ɗansa ya fi kowa turo kuɗi, ya ce shi bai ga yadda malamin makaranta da gorar ruwa zai kashe aikin da aka yi wata biyu ana yi ba. Ban ga laifinsa ba.

Sai dattijon ya gyara zama. "Mushe, kai ka karanta dutse, ni ɗanɗana shi nake yi. Dutsen nan na gaba 9 yana gumi da asuba. Akwai ruwa a jikinsa."

Na ce, "Baba, ba na jin za ka samu ko na alwala."

Aka rabu a kan ya huda dutsen ya ƙara gaba 3. In ba a ga komai ba, a tsaya.

Abin da rijiyar ta yi

Na koma Damagaram, sauran labarin ta bakin ɗalibin nawa na riƙa samunsa, sai da na sake zuwa bayan damina na gani da idona.

Dattijon ya fi ni gaskiya a kan gumin. Da aka fasa dutsen, ruwa ya riƙa tsattsafowa daga tsagoginsa, kafin safiya a samu guga goma ko sama da haka. An yi guɗa, an yanka akuya. Na yi kuskure da na ce babu, kuma bai kamata in yi shi ba, don abin a bayyane yake: ruwan sama na bin tsagar marmara da ta busasshiyar laka ya sauka, ya shiga tsagogin farin dutse, lakar da ke ƙasa ta tare shi, ya kwanta a nan kamar ruwa a faranti.

Amma zartsi ne. Ɗaci-ɗaci, sabulu ba ya kumfa a cikinsa, wake ba ya nuna, waɗanda suka daure suka sha kwana biyu cikinsu ya ɓaci. Madubin ƴan kiwo ne ya narke a ciki. Kuma faranti ne, ba ido ba: kafin ƙarshen Mayu gugan ya koma uku.

A gaba 11 wani abu ya faru da ya fi ba ni tsoro. Dattijon na da al'ada, kowace safiya sai ya zura fitila da igiya kafin yaro ya sauka. Ran nan fitilar ta mutu tun ba ta kai ƙasa ba. Ya sake, ta sake mutuwa. Baƙar laka irin wannan na ɗauke da wani ma'adini mai ƙibiritu da ƙarfe, wanda in ya sha iska yake cinye iskar numfashi ya kuma fitar da asid. Asid ɗin ya taɓa farin dutse, sai ya saki iskar nan ta kumfar da muka gani a gangare, mai nauyi, wadda ke kwanciya a gindin rami ba wari ba kala. Jifsum ɗin ma da yawansa ta wannan hanyar yake samuwa. Suka wuni suna zura rassan itace masu ganye suna jawowa da sauri don su motsa iskar, sannan fitila ta yarda. Babu littafin da ya koya masa wannan, kuma da don ta ni ce da ban tuna na gargaɗe su ba.

A gaba 12 aka tsaya kamar yadda aka yi alkawari. Gaba 2 na ƙarshe ba a sa musu zoben siminti ba, ana jiran shawara. Da ruwan farko ya sauka, lakar ta sha ta kumbura ta saɓule, ta cike gindin, zobe biyu na sama da ita suka karkace. Ko da an sa ma, ruwa mai jifsum yana cin siminti a hankali.

In aka tambaye ni inda aikin ya karye, zan ce tun ranar zaɓen wuri. An duba aduwa, ba a duba gangare ba, ga shi tafiyar awa ɗaya ce kuma kowane yaro mai kiwo ya san shi. Ba a kuma tsaya an lissafa zurfin rijiyar maƙwabta da tsayin tudun ba, lissafin da mai gari da kansa ya yi da yatsu a daren nan cikin minti biyu. Jingar gaba ita ma ba ta taimaka ba, don ba ta bar wa magini wata riba a cikin cewa a tsaya ba, ko da yake wannan dattijon bai ɓoye komai ba, tulinsa ne ma ya tona asirin ramin. Aduwar kuwa ba ƙarya ta yi ba. Ɗanshin da ya ishi itace ne bai ishi gari ba.

Kuɗin da ya rage ba a taɓa shi ba. Kwamiti ya rubuta takardar neman foraj ya kai ofishin magajin gari, da kuɗin a matsayin kason jama'a, aka liƙa zanen gangaren da na rijiyar gefe da gefe a baya. Zuwana na ƙarshe amalanken jaki na nan na fita da asuba. Rijiyar an yashe ta zuwa gaba 10, an ɗora mata itace a baki, awaki na shan abin da ta bayar, ana kuma kwaɓa ƙasar tubali da shi. Wani mai babur ya fara zuwa yana sayen ƙahonin rago a hannun yara. Na gaya wa mai gari cewa akwai dokar 1997 da ta kare kayan tarihin ƙasa, kuma amonit ɗin da ba a san dakalin da ya fito ba ya zama dutsen danne takarda kawai. Goma sha biyu na cikin kabad ɗin ajinmu, kowane da takardarsa: wane dakali, gaba nawa.

Makon jiya wani ɗan ƙauyen ya kawo mini buhu. Ciki ledoji ne shida, kowace an ɗaure ta da zare, ƙulli ɗaya, ƙulli biyu, har shida. Dattijon ne ya aiko daga wani gari da ya kama sabon aiki. A leda ta shida laka ce mai duhu, da madubi na ƙyalli a ciki. Saƙon da ya haɗo da shi: a tambayi Mushe yaushe yake da hutu, akwai gangare a gabas da garin, ya riga ya je ya ga dakali biyu.